Metir Ya Gaji Ne Kawai

Litinin, ƙarfe tara na safe

Na iso biro, wato ofishinmu, na tarar da Salima, sakatariyarmu, tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu. Ta ce Metir Kalibu, babban lauyan biron, ya riga ta zuwa, kuma ya kulle ƙofar ta ciki. Na ƙwanƙwasa. Ya buɗe sanye da baƙar rigar shari'a, jakarsa a hannu, yana tambayar abin da ya sa muka makara alhali alƙali zai zauna. Ba mu da zama a jastis, wato kotu, yau. Na gaya masa a hankali. Ya ɗan dube ni, sai ya yi dariya ya cire rigar.

Ya gaji ne kawai. Kullum daga garin Tsibiri zuwa unguwar Zariya nan Maraɗi da safe, ya koma da yamma, ga zafi, ga wutar kuran da ake ɗaukewa. Duk mai shekarunsa zai gaji.

Shi ya ɗauke ni aiki lokacin da na dawo daga karatu a Yamai, sa'ad da kowane aboka, wato lauya, a garin nan yake ce mini in dawo wani watan. Har yau sunana a ƙasan nasa yake a allon bakin ƙofa, kuma ban taɓa jin haushin haka ba. Ban san abin da ya sa nake rubuta wannan ba.

Laraba, bayan azahar

Malam Jibo ya zo daga Jiratawa da ƙullin zogale. Shi ne babba cikin 'yan'uwan da wani ɗan kasuwa ya kai ƙara kan gonarsu ta bakin ruwa. Ɗan kasuwar ya ce mahaifinsu ya sayar masa kafin ya rasu, su sun ce aro ne. Da gonar nan gidajensu duka suke ci. Za a saurare mu a ƙarshen wata.

Metir ya zauna da shi, ya warware masa maganar tun daga tushe, irin yadda yake yi har mutum ya ji kamar da ma ya san doka. Ina zaune ina ji, hankalina ya kwanta. Na ce a raina, ke Mansura, kin cika zargi.

Da Malam Jibo ya fita, Metir ya ɗaga zogalen ya sunsuna, ya tambaye ni wa ya kawo.

Alhamis, bayan la'asar

Ƙa'idar aikinmu ba ta yarda mu yi talla irin ta masu sayar da sabulu ba. Abin da muke da shi ke nan, shirin rediyo na kowace Alhamis, inda Metir yake amsa tambayoyin mutane da Hausa kai tsaye. Yawancin masu shigo mana, in ka tambaye su wa ya turo su, cewa suke sun ji Metir a rediyo. Muryarsa ce ke cika mana benci.

Yau a mota na saurara, na tsaya a Sabon Gari kusa da masu gyaran baburan kabu-kabu. Wata mata ta kira, mai gidan da take haya ya cire mata ƙofar ɗaki don ta tashi. Ya amsa mata da kyau, ya gaya mata inda za ta je da abin da za ta riƙa a hannu. Ta yi godiya ta kashe. Sai ya gaishe ta, ya sake amsar tun daga farko, kalma bayan kalma. Ilyasu mai gabatar da shirin ya bari ya kai tsakiya, sannan ya sa kiɗa.

Na daɗe a motar ban tayar ba. Wani mai gyara ya zo ya tambaye ni ko batir ne.

Juma'a, da hantsi

Ba wanda ya ce komai. Salima ma ba ta ce komai ba, kuma na san tana sauraron shirin.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Na je Tsibiri da hujjar kai wa Mama Yunice, matar Metir, atamfar da na yi mata alkawari. Metir ba ya nan, ya tafi coci wajen masu koyon waƙa. Na same ta a tsakar gida tana zaɓen irin gero a faifai. Ta karɓi atamfar ta ajiye ba ta ko buɗe ba, ta ce in zauna, ta san ba atamfa ta kawo ni ba.

Tun Ista take gani. Akwai ranar da ya wuce gidansu da mota har sai da wani ɗan cocinsu ya gan shi a hanya ya rako shi. Ɗansu Matiyas yana so ya kai shi Yamai wajen likita, shi ya ƙi, ya ce yana da shari'o'i. Ta faɗi sunan abin da Matiyas yake tsammani. Ba zan rubuta shi ba.

Da zan tashi ta riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, kada ki raba shi da biron nan. Da safe in ya sa takalmi ya ce zai tahi aiki, lokacin ne kawai nike ganin mijina."

Na ce mata to. Me zan ce?

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Na kwashe dosiyoyin, wato fayilolin shari'a, da ke teburin Metir na kai nawa, na bar masa waɗanda aka riga aka gama. Yana karanta su da alƙalami a hannu, yana gyara waƙafi. Wanda duk ya zo, ni nake fara gani, in na gama sai in kai shi ya gaisa da Metir. Gaisuwar tana tafiya daidai. Ya iya gaisuwa.

Ilyasu ya kira. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce ko za mu riƙa ɗaukar shirin tun da rana a gyara shi kafin a sa. Na ce mutane don su kira su ji amsa nan take suke son shirin. Ya ce to in riƙa rako shi.

Salima kuma ta kawo nata. Wai in riƙa yin gajeren bidiyo ina bayanin doka, ita ta watsa a WhatsApp, yadda wasu matasan aboka suke yi. Na ce ba ni da lokaci. Gaskiya ba na son ganin fuskata a wayar mutane, ana kallona ana cin gyaɗa.

Talata, da safe

Na sake jera kabad ɗin takardu. Jiya ma na jera shi.

Alhamis, bayan magariba

Na raka Metir rediyo. Ɗakin ƙarami ne, sanyinsa ya yi yawa. Ya gabatar da ni da kyau, ya ce ga Metir Mansura abokiyar aikinsa. Tambaya biyu ta farko ya amsa lafiya. A ta uku ya tsaya a tsakiyar magana, yana kallon makirufo kamar an ajiye masa abin da bai taɓa gani ba. Na karɓa na ƙarasa. Muryata ta yi mini siriri a kunne.

Wanda ya kira bayan nan ya ce, cikin ladabi kuwa, shi Metir yake so ya amsa masa, ba madam ba.

A hanya Metir ya ce shirin yau ya yi daɗi, in riƙa zuwa. Na bi motarsa a baya har ya hau hanyar Tsibiri, na ci gaba da binsa har ƙofar gida, sannan na juyo ba tare da na shiga ba.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya

Na haɗu da Metir Nabil a barandar jastis. Ƙanena ne a aiki, mutumin kirki. Ya ja ni gefe ya tambayi jikin Metir. Na ce lafiya lau, gajiya ce. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara da cewa in akwai zaman da nake so a tsaya mana, in kira shi. Na yi godiya, amma har na iso mota raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Ke nan ana maganar Metir a gari.

Mijina Abdulrazak ya ce mini da safe kwana biyun nan ina amsa masa tambayar da bai yi ba. Ya ce in ba zan gaya wa mijina ba, in gaya wa wani. Na ce aiki ne.

Lahadi, da yamma

An yi ruwa mai yawa. Kowa ya fita shuka. Na zauna, na tashi, na wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Litinin, ƙarfe takwas da rabi na safe

Malam Jibo ya kira ni tun ban fito daga gida ba, muryarsa cike da murna. Ya ce Allah ya saka mana da alheri. Jiya ya kira Metir don ya gaishe shi, Metir ya ce masa an gama, sun ci shari'a, gona tasu ce. Har sun yanka akuya, matan gida sun yi guɗa, an aika wa dangi.

Akwai wata shari'ar gona ta Jiratawa da Metir ya ci tun ina 'yar koyo. Ita yake nufi. Na gane nan take.

Na ce wa Malam Jibo ina zuwa gobe, akwai bayanin da ba na waya ba ne. Ya ce za su ajiye mini nama.

Metir yana can a ɗakinsa yanzu yana gyara waƙafi. Ina jin tarinsa ta bango.

Talata, bayan la'asar

Na dawo daga Jiratawa. Takalmina duk laka.

Na same su a gonar, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin magudanar ruwa. Sun shimfiɗa mini buhu. Na ce musu ba a yi shari'a ba tukuna, ranar tana nan yadda aka sa ta, kuma ba wanda ya san yadda za ta kaya. Ƙaninsa Zakariya'u ya miƙe tsaye, ya ce to Metir ƙarya ya yi musu ke nan? Na ce Metir bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Sai na gaya musu sauran, cewa mantuwa ta kama Metir. A fili na faɗa, karo na farko, a gaban mutanen da ba su san ni ba sai a biro. Na ce ba shi zai tsaya musu ba, ni ce, in sun yarda. In ba su yarda ba zan ba su takardunsu yau, in kuma nuna musu wani aboka nagari.

Injin ban ruwa na wani yana ta ƙara daga nesa.

Malam Jibo ya tambaye ni ko na taɓa cin shari'ar gona. Na ce na rubuta da yawa, amma Metir ne yake tashi ya yi magana. Ya gyaɗa kai, ya ce za su yi shawara. Zakariya'u ya ce su muryar rediyo suka biyo, ba su san da wata ba.

Sun ba ni naman duk da haka, a leda. Yana cikin mota, na kasa fito da shi.

Na yi wa Mama Yunice alkawari. Ban san ko na karya shi ba ne, ko tun farko bai kamata in ce to ba.

Laraba, da azahar

Malam Jibo bai kira ba.

Alhamis, ƙarfe goma sha biyu

Na shiga ɗakin Metir na rufe ƙofa. Na gaya masa abin da ya ce wa Malam Jibo, da akuyar, da guɗar. Na ce yau ba zai je rediyo ba, kuma ya kamata ya bi Matiyas Yamai.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce da ma ya lura ina kwashe masa dosiyoyi. Ya ce ya san abin da nake nema, in bari ya mutu tukuna, biron ba zai gudu ba. Ya ce shi ya koya mini yadda ake tsayuwa gaban alƙali. Salima tana jin komai daga waje.

Na fito na shiga bayi na buɗe famfo.

Da yamma ni kaɗai na je rediyo. Ilyasu ya ce wa masu sauraro Metir yana hutawa. Kira bai yi yawa ba. Wani ya kira don kawai ya tambaya ko Metir lafiya. Wata tsohuwa ta tambayi rabon gado, na amsa, ta ce ta gane, ta sa mini albarka. Ita kaɗai nake ta tunawa.

Juma'a, da safe

Metir ya shigo da fara'a, ya kawo mini ƙosai a takarda, irin na mai tuya ta bakin tashar Tsibiri da ya san ina so. Bai san mun yi komai jiya ba. Na shirya abin da zan ce masa tun asuba, yanzu babu wanda zan gaya wa. Na ci ƙosan a gabansa.

Asabar, bayan azahar

Matiyas ya iso daga Yamai. Ya biyo ta biro kafin ya wuce gida. Ya ce ya ji abin da ya faru a Jiratawa, labari ya kai Tsibiri ta bakin masu kai zogale kasuwa. Na tambayi Mama Yunice. Ya ce ta yi kuka, ta ce ba ta son ganina yanzu, amma ita da kanta ta kira shi ta ce ya zo ya ɗauki babansa. Za su ce masa taron aboka ne a Yamai.

Na ce kada su yi masa ƙarya. Matiyas ya dube ni, ya ce ni ma ai na yi makonni ina ba shi dosiyoyin da aka gama.

Litinin, ƙarfe goma

Sun tafi. Ɗakin Metir a buɗe yake, fanka tana juyawa, na hana Salima kashewa.

Mutum uku sun zo karɓar takardunsu. Ɗaya ya ce ɗan'uwansa ne ya samo masa wani, ɗaya bai ba da dalili ba, ɗayan ya ce ba don komai ba. Na ba su, na raka su har ƙofa. Bencin jira babu kowa tun daga nan. Na kira shugaban aboka a Yamai na sanar da shi halin da ake ciki. Ya ce shi ma Metir Kalibu ne ya fara sa masa baƙar riga.

Na ce wa Salima ta kawo wayarta. Mun yi bidiyon a kan haƙƙin ɗan haya. Na yi ta tuntuɓe da harshe, muka yi ta sakewa. Ta ce in daina magana kamar ina gaban alƙali, in yi kamar ina gaya wa maƙwabciyata. Na ƙi kallonsa bayan ta gama. Ta tura.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Yau aka saurare mu.

Har na isa jastis ban san ko za su zo ba. Na tarar da Malam Jibo zaune a kan dakali da farar riga, da biyu daga cikin ƙannensa, da wani tsoho da ya shaida aron gonar. Zakariya'u bai zo ba. Malam Jibo bai yi dogon bayani ba. Ya ce ranar da na je gona zan iya aiko wani, ko in yi shiru har ranar shari'a, amma na zo da ƙafata na zauna a kan buhu. Ya ce mu shiga.

Na tashi sanye da baƙar rigar. Na fara da sauri, alƙali ya ce in sassauta. Daga baya na manta da kaina. Lauyan ɗan kasuwar ya matsa wa tsohon da tambayoyi, tsohon bai kauce ba. An ɗaga, za a faɗi hukunci mako mai zuwa.

Na fito na ɗauko waya zan kira Metir in gaya masa yadda aka yi. Har na nemo lambar.

Juma'a, da hantsi

Wata mata ta zo daga Sabon Gari, ta ce a wayar ɗiyarta ta gan ni. Mutum ɗaya. Salima tana ta murmushi kamar an cika benci.

Na gaya wa Abdulrazak komai jiya bayan cin abinci. Ya ce ya riga ya ji a gari, yana jira ne in faɗa da bakina.

Laraba, bayan azahar

Gona ta zauna a hannun su Malam Jibo. Ɗan kasuwar ya ce zai ɗaukaka ƙara, ke nan da sauran aiki. Malam Jibo ya ce wannan karon ba za su yanka komai ba sai sun ga takarda da hatimi. Muka yi dariya, ni da shi, a tsakiyar baranda.

Na yi zaton zan ji daɗi fiye da haka.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Su Metir sun dawo daga Yamai da magunguna da ranar komawa. Mama Yunice ta aiko Matiyas ya ce in zo.

Gero ya fito kore shar a gefen hanya har Tsibiri. Ta tarbe ni a zaure. Ba ta yi maganar abin da ya wuce ba, ta ce dai na rame, ta kuma ce yau ba ranarsa mai kyau ba ce, kada in damu da abin da zan gani.

Metir yana zaune a kujerar roba a inuwa, da rigar coci, Littafi Mai Tsarki a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa a wajenmu. Sannan ya gyara zama irin na biro, ya haɗa yatsunsa, ya ce to, baiwar Allah, mi ke tafe da ke?

Na dubi Mama Yunice. Ta sunkuyar da kai.

Na ce masa shari'a ce ta kawo ni, ta gona, an ɗaukaka ƙara, kuma ina jin tsoro. Ya saurara har na gama. Ya ce shi yanzu ya ɗan rage aiki.

"Amma ki tahi Maraɗi, unguwar Zariya, ki tambayi Metir Mansura. Ɗiyata ce a aiki. Kada ki ga mace ce ki yi shakka, ta fi ni haƙurin karatu. Ki ce ni na turo ki."

Na ce to, Metir, zan je gobe da safe.